Shekarar da Aka Zargi Idon Babanku

Hadiza, Sani, Zuwaira, wannan babin naku ne ku uku. Ranar sunan ɗiyar Sani na ji ku a tsakar gida kuna gardama kan yadda aka yi na koma zama a shagon hoto. Hadiza ta ce idon babanku ne ya mutu na karɓi shagon. Sani ya ce a'a, wanku ne ya zaunar da ni. Ina cikin ɗaki ina jin ku, ban tanka ba, don ranar taro ba ranar gyara zance ba ce. To yanzu ga shi zan rubuta muku da hannuna, da wannan rubutu nawa na yaƙi da jahilci mai tafiya sannu kamar jaki da kaya. Ku yi haƙuri da shi, zai kai ku inda za shi.

Tun kafin a haife ku babanku yake ɗaukar hoto a Tanut. A lokacin fim ne, sai ya cika ya ba direban mota ya kai Damagaram a wanko, a jira sati. Mutane sun manta sunansa, Mai hoto kawai ake cewa. Da kaka, in an sare gero, manoman Olelewa da na Gangara kan zo da sababbin riguna farare ƙal. Makiyaya kuma kan gangaro daga arewa, su sayar da bisashe, su biyo ta shago kafin su koma. Ni kuwa ba ruwana da shago. Man gyaɗa nake yi da ƙuli-ƙuli, kuma ana sona a unguwa saboda shi. Abin da ya haɗa ni da shagon shi ne kwanon abincin rana, in kai, in zauna a kan benci har ya ci, in tsare masa wurin ya je azahar ya dawo, in kwashe kwanuka in tafi.

Wanku ba zan rubuta sunansa ba, kun san ɗan fari ne. Na-Gangara nake ce masa, don tun da aka yaye shi kakarku ta wajen uba ta ɗauke shi, can Gangara ya girma. Shi ma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗi. Haka muka tashi muka tarar, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta kuma yi masa faɗa. In ya shigo gaisuwa ya durƙusa can bakin ƙofa, ni ina kallon tabarma shi yana kallon ƙasa. In ina da saƙo, sai in ba babanku ko Hadiza. Ku 'yan yanzu kuna ganin abin kamar rashin so ne. Ba rashin so ba ne. Na sha kwana da yunwa in ya yi ciwo ba wanda ya sani.

A wannan shekarar, kafin damina ta faɗi, wanku ya zo daga Damagaram inda yake aiki, ya kawo wa babanku kwamfuta da injin buga hoto. Ya hana kansa abubuwa da yawa kafin ya saye su, na ji wannan daga baya. Ya kwana uku yana koya masa. Ya ce daga yanzu kamara ta riƙa ɗaukar hoto ɗanye. Wato ba za ta gama shi ba, za ta dai tara duk hasken da ta gani ta ajiye, sai an zo kan kwamfuta a gama shi yadda ake so. Babanku ya yi murna ƙwarai. Ya ce ai wannan shi ne wankin hoto ya zo gida.

Murnar ba ta kai kaka ba. Hotuna suka fara fitowa wani iri. Wanda ya zo da farar riga, sai fuskarsa ta yi duhu har ba a ganin idonsa, rigar kuma ta dawo kamar an wanke ta da ruwan gulbi. Wanda ya zo da baƙin kaya, sai shi da kayan su koɗe, ya fito fari fat kamar wanda ya tashi daga jinya. Wasu suka karɓa don kunyar babanku, wasu suka fara zuwa wani sabon shago da aka buɗe kusa da tasha. Babanku ya goge gilashin kamara, ya canza labulen da ake tsayawa a gabansa, ya matsar da kujera daga bakin taga. Duk a banza. A masallaci aka fara tambayarsa lafiyar ido, cikin ladabi, irin tambayar da ta fi zagi ciwo.

Sai ranar da Agali ya zo. Agali dattijo ne daga cikin Abzinawan Tanhiya, mai raƙuma, ya daɗe yana hulɗa da babanku. Ya aurar da ɗansa, ya sayi sabon rawanin turkuɗi, baƙi wul mai walƙiya, irin wanda mutum kan yi shekaru yana burinsa. Ya naɗa shi ya zo aka ɗauke shi, ya ce zai dawo wata kasuwar ya karɓa. Ina kan benci da kwanuka ranar da ya dawo. Ya karɓi hoton ya nesanta shi da fuskarsa, ya sake matso da shi.

"Mai hoto, wane ne wannan?"

"Kai ne mana, Agali."

"Ni? Da wannan tsumma a kaina? Rawanin da na kawo maka ko dare bai kai shi baƙi ba, ka mayar mini da shi toka. Kuma dubi fuska, kamar an tono ni. In na kai wannan gida sai matata ta fara karɓar gaisuwa."

Mutanen da ke jiran layi suka yi dariya. Babanku ya ce a ba shi lokaci ya sake. Agali ya ajiye hoton a kan tebur, ya gyara takobinsa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji:

"Ba laifinka ba ne, abokina. Raƙumi ma in ya tsufa ana sauke masa kaya. Ka je a duba maka ido."

Washegari da hantsi babanku ya kira wanku a waya. Ina jiƙa gyaɗa ina ji. Ya ce masa ya zo ya kwashe kayansa, shi ya gama. Wanku ya ce dama ya daɗe yana wannan tunani, zai zo da mota nan da kwana goma ya kai shi likita a Damagaram, kuma akwai wani abokinsa da zai karɓi shagon. Da babanku ya kashe wayar ya daɗe zaune a kan turmi. Na kawo masa kunu bai taɓa ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu yana gaya wa jama'a su ɗaga haɓa su dubi nan, yau ga shi ya sunkuyar da tasa. Na san in ya ajiye kamarar nan da sunan makanta, ba zai daɗe ba. Irinsu aiki ne ke riƙe da su.

Akwai wani abu da na daɗe ina gani daga kan benci, ban taɓa faɗa ba don na ɗauka idona ne ke yi mini wasa. Duk lokacin da babanku ya buɗe sabon hoto, sai ya fito da kyau, daidai yadda na ga mutumin ya shigo. Kafin ka ƙifta ido sai allon ya ɗan motsa, hoton ya canza. Abin bai kai a ce bismillah ba. Wanda ya saba tsintar tsakuwa a cikin gyaɗa, idonsa kan kama irin wannan. A rana ta uku bayan wayar na daure na ce:

"Malam, ni kam ina ganin hoton nan yana shigowa lafiya. A cikin akwatin nan yake lalacewa."

"Rabi, har ke? Bar ni da abin da ke damuna."

"To danna wani in gani."

Ya danna. Sai na lura da abin da ya sa bai taɓa gani ba. Babanku bai saba da ɗan ɓeran kwamfutar nan da ake turawa ba, in zai danna sai ya dubi hannunsa. Kafin ya ɗago kai aikin gama ya gama. Wata biyar yana kallon yatsansa a daidai lokacin da ake yi masa ɓarna.

"Kar ka dubi hannu," na ce. "Ni zan danna, kai ka tsare allon."

Ban taɓa taɓa abin ba sai ranar. Hannuna duk man gyaɗa, sai da na goge shi da gefen zane. Ya nuna mini wani hoto da ya ɗauka da safe bai buɗe ba, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da farar riga. Na danna. Malamin ya fito da fuskarsa sarai, har tsagen gefen idonsa. Sai allon ya motsa, duhu ya rufe shi. Babanku ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Sake! Sake wani!"

Na sake. Muka buɗe hotuna huɗu, duk haka. Ya jawo kamara ya duba ɗan allon bayanta, hotunan suna nan lafiya lau. Ya ce inna lillahi, ya ce alhamdu lillahi, ya rasa wanda zai tsaya a kai. Ranar azahar sai da ta kusa kuɓuce masa.

Sanin ɓarawo daban, kama shi daban. A gefen allon akwai rubutun Faransanci ƙanana-ƙanana jere, kowane da layi a gabansa da ɗan ɗigo a kan layin. A nan zan gaya muku gaskiya, don ban ɗauki alƙalami in yi wa babanku kwalliya ba, ƙananan baƙaƙe sun fara yi masa wuya. Nesa yana gani garau, haske kuma ya san shi kamar yunwar cikinsa, amma wannan rubutu sai ya yi ta matse ido. Ni kuma ina ganin baƙaƙen, ban san Faransanci ba. Sai muka yi rabon aiki. In karanto masa harafi-harafi yadda aka koya mana a ajin yamma, shi ya haɗa ya gaya mini ma'ana. Na farko da na karanto ya ce:

"Ekspozisiyo. Wannan ai na san shi tun zamanin fim. Yawan hasken da ka bari ya shiga ne. Me aka rubuta a gabansa?"

Na ce a hoton malamin lakwal akwai alamar ɗebewa, ɗigon ya koma hagu. Muka buɗe na Agali, can kuma alamar tarawa ce, ɗigon ya yi nisa dama. Ya ce in kama ɗigon in mayar da shi tsakiya, kan sifiri. Na yi ta kuskure, ya wuce, ya dawo, har ya zauna. Sai ga rawanin Agali ya dawo baƙi, walƙiyarsa na bin kowane naɗi, fuskarsa ta dawo da jininta. Babanku ya yi wata 'yar dariya da na kwana biyu ban ji ba.

"Na gane kwamfutar nan," ya ce. "So take kowane hoto ya zama tsaka-tsaki. In ta ga baƙi da yawa sai ta ce duhu ne, ta ƙara haske. In ta ga fari da yawa sai ta ce rana ta yi yawa, ta rage. Ba ta taɓa zuwa ƙasarmu ta Damargu ba, Rabi. Nan ai daga mai fari ƙal sai mai baƙi wul."

Kwanakin da suka rage na bar gyaɗa a jiƙe har ta kusa tsiro. Kullum ina shago. Ya koya mini cewa sifiri ma ba dole ba ne. Akwai layin da ke buɗe inuwa kaɗai, don idon mai rawani ya fito ba tare da an taɓa rawanin ba. Akwai wanda ke danne farin riga don aikin zare ya bayyana. Yana tsaye bayana yana cewa ƙara kaɗan, ya isa, koma baya. Amma duk sabon hoton da muka buɗe, sai ya sake yin tsallen nan nasa. Muna gyara ɗaya-ɗaya, ba mu san inda tushen yake ba. Wanda ya sani shi ne wanda ya haɗa kayan.

Na ce wa babanku ya gaya wa wanku in ya zo. Ya girgiza kai. Ya ce yaron ya riga ya yanke cewa ido ne, duk abin da ya faɗa zai ɗauka tsoho ne ke kare kansa. Kuma da wane ido zai dubi ɗan da ya yi masa wannan alheri ya ce kayanka ne suka kashe mini kasuwa? Ya ce gara ya bi shi Damagaram a rufa wa juna asiri. Na ce to. Amma a raina ban ce to ba. Na kwana biyu ina juya abin, ina tuna kakarku da abin da za ta ce, ina tuna uwata da ba ta taɓa haɗa ido da yayana ba har ta koma ga Allah.

Wanku ya iso da hantsi, ya wuce shago kai tsaye da kwalaye. Bai yi tsammanin ganina ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Taso ka zauna nan."

Na nuna masa kujerar da ke kusa da tawa. Ya dubi babanku, babanku ya dubi rufi. Tun da aka yaye shi ban taɓa ce masa zo kusa ba. Ya taso kamar mai tafiya a kan ƙaya, ya zauna a bakin kujerar. Ina jin ƙamshin sabulun rigarsa. Na ce ya tsare allo da ido, na buɗe masa hoto uku. Na mayar da ɗigon tsakiya a gabansa. Ya karɓi ɓeran daga hannuna, ya shiga wani wuri can ciki da ba mu taɓa shiga ba, ya tsaya a kan wani ɗan akwati mai alama. Na karanta kalmar da ke gefensa da kaina, otomatik.

"Ni na sa wannan," ya ce. "Ranar da na haɗa. Na ce ta riƙa gyara hasken da kanta, don kar Baba ya sha wahala."

"Mun sani alheri ka nufa."

"Wata biyar, Yaya. Har na yi wa shagon ciniki. Me ya hana ku kira ni tun farko?"

"Da wane baki?" na ce.

Ya danna, alamar ta fita. Ya buɗe sabon hoto, muka zuba ido mu uku. Hoton ya tsaya inda yake. Sai ya sa fuska cikin tafin hannu. Ban san lokacin da na ɗora hannuna a kan kafaɗarsa ba. Babanku ya ce bari ya je ya nemo shayi, ya fita, alhali ga shayi a kan gawayi a bakin ƙofa.

Kwalayen sun koma Damagaram wayam. Babanku ya bi shi likita duk da haka, kwana biyu, ya dawo da tabarau na karatu. Yanar idon da kuka sani, wadda aka yi masa aiki, sai bayan shekara shida ta zo. Ku daina haɗa su.

Abin bai tafi kyauta ba. Labari ya kai Gangara cewa Rabi ta zaunar da ɗan fari a gefenta har da dafa kafaɗa, kuma a shago, a bakin kasuwa. Kakarku ta aiko a gaya mini ita ba ta san ta aurar wa ɗanta Baturiya ba. Sai da aka yi Sallah biyu kafin ta sake cin abincin hannuna. Sana'ar mai kuma ta tafi, don babanku ya ce hannuna ya fi nasa natsuwa a kan ɓeran, shi ya ɗauka ni in gama. Na ba maƙwabciyata turmi da kaskon suya. Har yau in na ji ƙamshin ƙuli-ƙuli daga gidanta sai in ji wani abu, ba zan ɓoye muku ba. Na yi kewar hirar mata a gindin turmi. Amma ban taɓa cewa da na sani ba. Wanku kuwa tun daga ranar yake kirana a waya shi da kansa, ba ta hannun kowa ba. Sunansa dai har yanzu ban kira ba, kuma ba zan fara da tsufa ba.

Agali bai zo kasuwar da ta biyo ba, bai zo ta bayanta ba. Hotonsa na cikin ambulan a aljihun tebur. Babanku ba ya magana a kai, amma duk ranar kasuwa sai in ga yana leƙa hanyar kasuwar bisashe. A ta uku ya hango shi zai wuce ta gaban shago, bai ko juyo ba. Ya fita har tsakiyar titi ya riƙo hannunsa.

"Mai hoto, ba ka tafi ba? An ce ɗanka ya kwashe ka."

"Shigo ka karɓi ajiyarka, sannan ka kore ni."

Ya shigo yana gunaguni. Babanku ya miƙa masa. Agali ya fita da shi bakin ƙofa inda rana take, ya daɗe yana kallo. Kun san turkuɗi na gaskiya yakan bar shuni a jikin duk wanda ya taɓa shi. Sai na ga Agali ya sa babban yatsa ya murza rawanin da ke cikin hoton, ya juyo da yatsan ya duba. Da ya ga mun gan shi, sai ya ja amawali ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Wane boka ya yi maka maganin ido?"

"Idon nan da ka raina, shi ya ɗauka tun ranar farko," in ji babanku.

Agali bai ba da haƙuri ba, irinsu ba sa yi da baki. Ya sa hoton cikin jakar fata da ke wuyansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙwala kira da yarensu na Tamajak. Sai ga maza huɗu sun taso daga inuwar bishiyar bedi, ɗansa ango da 'yan'uwansa, kowa da naɗinsa, biyu baƙi biyu fari. Ya ce a ɗauke su tare, a hoto guda.

Babanku ya rataya kamara a wuya. Ya dube su, ya dubi taga, ya ce mai farin can ya matso daga rana. Sannan ya juyo wajena.

"Rabi, kwashe kwanukan nan daga benci, mutane za su zauna."